Yadda nake zuba ƴaƴan kifi a tabki ba tare da na ɓata irin na kogi ba

Shekara tara ke nan ina ƙyanƙyasar tarwaɗa a Yamai, a wani ɗan fili da ke gangaren kogin Isa. Kwanan baya wani dattijo daga wajen Tabalak ya zo sayen ƴaƴan kifi. Da na fara yi masa tambayoyi a kan tabkin da zai zuba su, sai ya ce, "Ɗana, ai kifi kifi ne." Na ce, "Baba, a tukunya haka ne. A ruwa kuwa akwai magana."

Abin da ya sa nake taka-tsantsan shi ne labarin samon, kifin ƙasashen sanyi da ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya girma a teku, sa'annan ya bi ƙamshin ruwa ya komo inda aka haife shi. Da madatsan ruwa suka tare masa hanya a Amurka, sai aka dogara da gidajen ƙyanƙyasa. Yau ana sakin ƴaƴan samon wajen biliyan 5 kowace shekara a arewacin tekun Fasifik. Amma a 2007 wani bincike a kogin Hood na jihar Oregon, a kan wani ɗan'uwan samon, ya nuna cewa duk zuriyar da ta tashi a hannun mutum, ƙarfin haihuwarta a kogi na raguwa da kusan kashi 40 cikin 100. A tanki, wanda ya iya cunkoso da jiran abinci shi ke rayuwa. A kogi kuwa sai wanda ya iya ɓuya. In na tanki ya yi barbara da na kogi, raunin ya shiga jinin na daji. Tarwaɗa ba samon ba ce, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

To, da farko ka duba ko ruwan na bukatar zubi ma. Tabkin da ke ƙafewa da rani, wanda ba ya haɗewa da kogi, zuba masa. Wanda kifinsa ke haihuwa da kansa, bar shi. Hana kamu lokacin ƙwai da hana taru mai ƙananan ido sun fi masa amfani. Wannan maganar sarkin ruwa ce da jami'an gandun daji, ka je musu tun kafin ka kashe ko dala.

Sai iyaye, kuma nan ne aikin yake. Macen tarwaɗa mai kilo guda tana iya ba ka ƙwai 50,000 ko fiye. Ka yi mata allurar sakin ƙwai da yamma, da safe ka matse cikinta a busasshen kwano, ka yanka namiji ka zuba maniyyinsa, ka juya da gashin kaza, kashegari ka ga ƴan tsirit suna motsi kamar an watsa gero. Mace guda ta cika maka oda, shi ya sa kowa ke yin haka. Amma ka cika tabki ke nan da ƴan uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda gobe za su auri juna. Ni in na tabki ne, ba na yi da ƙasa da mata goma da maza goma, kowace mace da kwanonta da namijinta, daga baya in ɗibi daidai wa daida daga kowane. Kuma iyayen daga hannun masunta nake sayensu, na ruwan yankin, ina sabuntawa duk shekara. Ba na mai da ƴaƴan tankina iyaye. Ya fi tsada, ya fi wahala, matata ma ta ce ɓarnar maza nake yi.

Haɗin irin tarwaɗa da na ramboshi, wani ɗan'uwanta, yana saurin girma, yana kawo kuɗi. Na tanki ne da kasuwa kawai, kada ya taɓa ruwan Allah.

Kada ka daɗe da su a hannu. Da sun kai tsawon ɗan yatsa, kai su, da sanyin asuba. Ka ajiye jarkar cikin tabkin, kana ƙara mata ruwansa kaɗan-kaɗan har zafin ya daidaita, sa'annan ka karkata bakinta su fita da kansu. Ka raba su wurare uku ko huɗu masu ciyawa. A Amurka suna yanke wa samon na ƙyanƙyasa wata ƴar ƙaramar fiffike ta baya don a gane shi. Ni dai littafi gare ni, ina rubuta rana da adadi da inda iyayen suka fito.

Sai raga a bakin kowane bututun fitar ruwa, ninki biyu, don kada kifin tanki ya tsere kogi. Ambaliyar 2020 ce ta koya mini sauran: cikin dare ruwa ya haye bangon kududdufina, da gari ya waye ina tsaye ruwa har gwiwa, babu kifi ko ɗaya, duk sun bi kogi. Da ruwa ya janye na ƙara wa bangon bulo huɗu, na mai da tankin haɗin can tudu, bayan ɗakin ajiya.