Babi na 7: Ginshiƙi, Rodi da Ruwan Teku

Darasi na 1: Me ke cikin ginshiƙi?

Ku ɗora yatsa a kan kalmar nan: ginshiƙi. Gin-shi-ƙi. Shi ne ke tsaye yana ɗauke da nauyin bene ko gada. A cikinsa akwai abu biyu, kankare da rodi. Kankare shi ne siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, a kwaɓe. Rodi kuwa sandunan ƙarfe ne da ake ɗaurewa a tsakiya kafin a zuba kankare. Wanda bai gane ba ya koma farko, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 2: Wa gishiri yake ci?

A nan ake yawan tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Lita 1 ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Idan aka kwaɓa kankare da wannan ruwa yana kamawa, har ma ya fi saurin kamawa. To ina matsalar? Tana jikin rodi. Gishiri ya isa ga ƙarfe, ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta tura kankare daga ciki. Da farko za a ga jan ruwa ya zana layi a jikin ginshiƙi, sannan ya tsage, sannan ɓaraguzai su faɗo, rodi ya fito fili.

Ku ɗauki fensir ku rubuta: Gishiri rodi yake ci.

Madalla. A sake rubutawa. Yanzu a rufe littafi a faɗa da baki. Idan an tambaye ku wa gishiri yake ci, kada ku ce siminti, kada ku ce yashi. Rodi. Ro-di. Kun kusa, a sake sau ɗaya.

Darasi na 3: Dabarar masu bincike

A tsibirai da bakin teku ruwan daɗi da yashin kogi kan yi wuya, ga teku kuma a kusa. Shi ya sa injiniyoyi a Hong Kong, da Jami'ar Monash a Ostareliya, da Jami'ar Miami a Amurka suka ce a bar ruwan teku, a canza rodin. Sai su sa rodin zaren gilashi da aka haɗe da roba, wanda ba ya tsatsa. Wasu kuma su cika bututun irin wannan zare, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, da kankare. Daga nan a sa ginshiƙin a inji, a yi ta danna shi har ya fashe, a rubuta nauyin da ya ɗauka. Bututun yana matse kankare, sai ya ƙara juriya.

Duk da wannan bayani, sai wani ya fita ya ce malam ya halatta kwaɓi da ruwan gishiri. Haba! Yaushe na faɗa? Muddin rodin ƙarfe na yau da kullum ne a ciki, ruwan daɗi kaɗai ake sawa. Mai kasala ne yake tsallake Darasi na 2. A koma a karanta: gishiri rodi yake ci.

Darasi na 4: Rauninsa

Rodin zaren gilashi ba ya lanƙwasuwa kamar ƙarfe, karyewa yake yi farat ɗaya. Zafin gobara kuma yana raunana robarsa.

Darasi na 5: Aiki

Cike gurbi: Gishiri ______ yake ci.

Rubuta abubuwa 4 da ake kwaɓa kankare da su.