Yadda ake zaɓen kayan haɗa kwamfutar da za ta ɗauki macOS

Kwamfutar da mutum ya haɗa da hannunsa sannan ya ɗora mata babbar manhajar macOS ita ce masu wannan harka ke kira Hakintosh. Abin ya samu ƙofa ne a shekarar 2006, lokacin da kamfanin Apple ya fara sayar da kwamfutocin Mac masu furosesar Intel, wato irin furosesar da ke cikin kwamfutocin Windows na yau da kullum. Daga nan masu sha'awa suka gano cewa matuƙar kayan da ke cikin akwatin sun yi kama da na Mac na gaske, manhajar za ta tashi ta yi aiki. Wahalar duk tana wajen wannan kamar. A Windows, kamfanin da ya ƙera kati ko guntu shi ke rubuta masa direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da shi, don haka kusan duk abin da aka soka zai yi aiki. A macOS kuwa Apple ba ya kula da wani ƙarfe sai wanda ya taɓa sakawa a cikin injunansa. Saboda haka mai haɗa Hakintosh ba ya sayen kaya sannan ya nemi direba. Yakan fara bincika abin da ke da direba, sannan ya fita kasuwa.

Wajibi ne a faɗi tun farko cewa lasisin macOS bai yarda a ɗora ta a kan na'urar da ba ta Apple ba, kuma a 2009 kotu a Amurka ta yanke hukunci a kan kamfanin Psystar da ke sayar da irin waɗannan kwamfutoci. Wanda ya shiga wannan aiki ba shi da wurin kai ƙorafi idan abu ya lalace.

Mataki na farko: yanke shawarar wace macOS za a ɗora

Kowane zubi na macOS yana da jerin kayan da ya sani da waɗanda aka cire masa, shi ya sa wannan shawara ta riga kowace. High Sierra ta fito a 2017, Mojave a 2018, Catalina a 2019, Big Sur a 2020, Monterey a 2021, Ventura a 2022, Sonoma a 2023, Sequoia a 2024, sai Tahoe a 2025. Tun a 2020 Apple ya fara komawa furosesar kansa da M1, kuma ya sanar cewa Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau injin Intel. Ma'anar wannan ga mai saye a fili take: duk kuɗin da zai kashe, yana kashe su ne a kan hanyar da aka riga aka san inda ta tsaya. Wanda ke buƙatar Xcode don gina manhajojin iPhone zai so zubi mafi sabunta, domin Xcode kan daina karɓar tsofaffi. Mai tace bidiyo da Final Cut Pro ko mai haɗa sauti da Logic Pro zai iya zama a kan Ventura ko Sonoma hankalinsa kwance, muddin zubin manhajar aikinsa ya yarda da ita. A rubuta sunan zubin a takarda, domin duk sauran matakan da shi za a auna su.

Mataki na biyu: katin hoto

Yawancin masu haɗa kwamfuta da furosesa suke farawa, amma a nan katin hoto ya fi cancantar a fara da shi, domin shi ne wurin da babu dabarar da ke ceto idan an yi kuskure. macOS na dogara da tsarin zane mai suna Metal, kuma idan babu direban kati, allon zai iya kunnuwa amma komai zai riƙa tafiya da ƙyar, har a ga na'urar na nuna cewa ma'adanar hotonta megabait 7 ce kacal.

Katunan Nvidia, duk da farin jininsu a wurin masu wasannin kwamfuta, kusan dukansu a ajiye su gefe. Jerin GTX 900 da GTX 1000 sun tsaya ne a High Sierra, domin daga Mojave ba a sake fitar musu da direba ba. Tsofaffin da aka gina a kan zubin Kepler, irin su GTX 770 da GTX 780, sun kai har Big Sur, aka cire su a Monterey. Jerin RTX kuwa bai taɓa aiki a kowace macOS ba, haka ma katunan Intel Arc.

Abin da ya rage shi ne AMD, amma ba kowanne ba. RX 560, RX 570 da RX 580 suna aiki ba tare da wani dogon gyara ba, haka Vega 56 da Vega 64. Jerin RX 5000 ya samu shiga a zamanin Catalina. RX 6800, RX 6800 XT da RX 6900 XT sun fara aiki daga Big Sur 11.4, sannan RX 6600 da RX 6600 XT daga Monterey 12.1. Sai dai a tsakiyar wannan iyali akwai ramuka: Apple bai rubuta direban RX 6700 XT ba, bai rubuta na RX 6400 da RX 6500 XT ba, jerin RX 7000 kuma gaba ɗaya babu shi. Mutum zai ɗauka cewa tunda 6600 da 6800 suna aiki, wanda ke tsakaninsu ma zai yi, alhali guntun da ke cikinsa daban ne.

Tarko mafi kama mutane yana wurin RX 580, musamman ga mai sayen na hannu, ko a Computer Village da ke Ikeja ne, ko a shagunan Kano, ko ta odar intanet daga Sin. Akwai wani kati da aka yi wa kasuwar Sin mai suna RX 580 2048SP, wanda a gaskiya ya fi kusa da RX 570, kuma macOS ba ta gane shi kai tsaye. Sunan da ke jikin kwali ba ya raba gardama. Hanyar tantancewa ita ce a soka katin a kwamfutar Windows, a buɗe ƙaramar manhajar GPU-Z, a duba lambar shaidar na'urar. RX 580 na asali lambarsa 67DF ce kuma ƙwayoyin lissafinsa 2304 ne, na 2048SP kuwa 6FDF yake nunawa. Haka abin yake ga RX 550: mai guntun Baffin, lamba 67FF, yana aiki, amma mai guntun Lexa, lamba 699F, sai an yi masa shigar burtu a cikin saiti. Mai shagon da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji na minti biyar, gara a bar masa kayansa.

Mataki na uku: furosesa

Ƙa'idar ita ce a kwaikwayi wani Mac da Apple ya sayar da gaske. iMac na 2019 ya yi amfani da furosesar Intel ta ƙarni na 8 da na 9, iMac na 2020 kuma ta ƙarni na 10. Waɗannan ƙarnuka uku su ne mafi sauƙin sha'ani, misali i5-9600K, i7-9700K, i5-10400 ko i7-10700K. Sashen zane da ke cikinsu, wato mai fitar da hoto, UHD 630, yana da direba, ta yadda ko babu katin hoto kwamfutar za ta yi aikin ofis da rubuta manhaja, in kuma akwai katin, zanen cikin furosesar zai taimaka wajen matse bidiyo. A lura da harafin F a ƙarshen suna, kamar i5-10400F, domin yana nufin babu zane a ciki, kuma dole sai da kati. Pentium da Celeron ma zanensu ba ya aiki.

Daga ƙarni na 11 zuwa sama, furosesar kanta za ta tashi idan an ɓoye sunanta aka nuna ta a matsayin ta ƙarni na 10, amma zanen cikinta ba shi da direba ko kaɗan. Daga ƙarni na 12 kuma Intel ya raba ƙwayoyin furosesa zuwa masu ƙarfi da masu tattalin wuta, macOS kuwa ba a koya mata rabon aiki tsakanin waɗannan nau'ukan na Intel ba. Ta ɓangaren tsofaffi, Ventura da duk waɗanda suka fito bayanta suna buƙatar umarnin AVX2, wanda ya fara daga ƙarni na 4, don haka duk abin da ya girmi wannan ya fita daga lissafi.

Ryzen ta AMD tana aiki, kuma ana samun ƙarfi mai yawa da kuɗi kaɗan, sai dai Apple bai taɓa ƙera Mac da ita ba, saboda haka sai an yi wa zuciyar manhajar faci, wato ɗan gyara. Manhajojin da ke tada wata kwamfuta ta gaibu a cikin macOS, irin su Docker da Parallels, sun dogara da fasahar Intel, kuma wasu manhajojin Adobe kan rufe kansu sai an gyara su. A ganina, wanda da wannan injin zai ci abinci ya tsaya a Intel ƙarni na 10.

Mataki na huɗu: madabod

Furosesa ce ke zaɓar madabod, wato babban allon da ake soka dukkan kayan a kansa. Ƙarni na 8 da na 9 na zama a soket LGA1151 tare da jerin 300, kamar Z370, B360 da Z390, ƙarni na 10 kuma a LGA1200 tare da jerin 400, kamar B460 da Z490. Akwai ruɗani a nan, domin madabod na jerin 100 da 200 ma LGA1151 ne, furosesar ƙarni na 8 za ta shige ramin daidai, amma ba za ta tashi ba. Jerin 500 na karɓar furosesar ƙarni na 10, sai dai fitar da hoto daga UHD 630 a kansa na ba da wahala, don haka wanda ba shi da katin hoto ya guje shi.

Bayan an tsayar da jeri, a buɗe shafin bayanan madabod ɗin a karanta ƙananan guntayen da ke kansa ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu na buƙatar ɗan direba irin wanda ake kira kext, wanda manhajar tashi ta OpenCore ke cusawa kafin macOS ta farka. Guntun intanet na waya Intel I219-V yana aiki da IntelMausi, Realtek RTL8111 da RealtekRTL8111, RTL8125 kuma da LucyRTL8125Ethernet. Intel I225-V, wanda ke kan madabod da yawa na Z490, ya sha ba mutane ciwon kai. Guntun intanet na waya ba abin rainawa ba ne ko ga mai amfani da waya-fai kawai, domin iMessage da sauran hidimomin Apple na neman hanyar sadarwar da aka yi wa rajista a matsayin ta cikin gida. Sauti kuma, guntayen Realtek irin su ALC892 da ALC1220 suna aiki da AppleALC, amma mai nufin Tahoe ya san cewa an cire direban AppleHDA da wannan kext ke jingina a kansa, kuma ƙaramin katin sauti na USB shi ne mafita mafi sauƙi.

A duba littafin madabod a tabbatar bayos ɗinsa, wato manhajar saiti da ke cikin madabod ɗin, na ba da damar kashe Secure Boot, CSM da Fast Boot, da kunna Above 4G Decoding da XHCI Hand-off, sannan a mayar da SATA kan AHCI. Idan akwai wurin kashe CFG Lock a fili, an huta. Wannan na cikin dalilan da suka sa haɗa kwamfuta daga tushe ya fi sayen wadda kamfani ya haɗa wa ofisoshi, tunda bayos ɗin irin waɗannan kan ɓoye saitukan. Yawan ramukan USB ma ba abin alfahari ba ne a nan, domin macOS na ƙidaya ramuka 15 kacal ga kowane guntun da ke sarrafa su, kuma ramin USB 3 guda ɗaya biyu yake ci. Duk yadda aka yi, sai an zauna an zana taswirar ramukan an yafe wasu.

Mataki na biyar: ma'adana

Kusan kowace SSD ta SATA tana aiki. A ɓangaren NVMe ne ake tuntuɓe. Samsung PM981 da PM991 da Micron 2200S sun shahara wajen sa manhajar faɗuwa, kuma da yake daga cikin kwamfutocin cinya ake ciro su, suna yawo sosai a kasuwar na hannu da farashi mai jan hankali. Intel Optane Memory, irin wanda ke ƙara wa faifai sauri, ba ya aiki. Samsung 970 EVO Plus na farko-farko sai an sabunta manhajar cikinsa, kuma wasu NVMe na Samsung kan jawo jinkirin tashi daga Monterey. WD Black SN750 da SN770 na cikin waɗanda aka fi samun kwanciyar hankali da su. Mai son riƙe Windows ya saya mata ma'adanarta daban, kada su haɗa faifai ɗaya.

Mataki na shida: waya-fai da bulutut

Katin da madabod ya zo da shi galibi na Intel ne. Yana shiga intanet ta hanyar itlwm ko AirportItlwm, amma AirDrop, hanyar tura fayil tsakanin na'urorin Apple, ba zai yi aiki ba. Shekaru da dama amsar ita ce guntun Broadcom BCM94360, kamar wanda ke cikin katin Fenvi T919, wanda macOS ke ɗauka tamkar nata. Wannan ya tsaya a Ventura, domin Sonoma ta cire direbansa, kuma mayar da shi na buƙatar faci na OpenCore Legacy Patcher tare da sassauta tsaron manhajar. Idan kwamfutar za ta zauna kusa da rauta, wayar intanet ta wadatar, a bar kuɗin katin a aljihu.

Ram, akwati, fanka da na'urar rarraba wuta ba ruwansu da macOS, a zaɓe su yadda za a zaɓa wa kowace kwamfuta. Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, UPS ya shiga cikin lissafin tun farko, domin yankewar wuta ana tsakiyar sabunta manhaja ko bayos na iya hana injin tashi.

Mataki na bakwai: gwada jerin kafin biyan kuɗi

A jera cikakkun lambobin kayan a takarda, sannan a amsa tambaya ɗaya: wane Mac wannan injin zai ce shi ne? Ƙarni na 8 da na 9 tare da katin AMD na ɗaukar sunan iMac19,1. Ƙarni na 10 na ɗaukar iMac20,1, ko iMac20,2 idan i9 ce mai ƙwayoyi 10. Ryzen da furosesa masu harafin F kan ɗauki iMacPro1,1 ko MacPro7,1. Daga nan a duba ko zubin macOS da aka rubuta a mataki na farko yana karɓar wannan suna. Tahoe, alal misali, injunan Intel huɗu kawai ta sani, kuma na tebur a cikinsu su ne iMac na 2020 da Mac Pro na 2019. Jagorar Dortania ta OpenCore na da babi ga kowane ƙarnin furosesa, kuma yana da kyau a karanta babin da ya dace tun kafin a sayi komai. Idan kayan sun iso, a fara ɗora Windows ko Linux a tabbatar kowane ɓangare lafiyarsa ƙalau, a kwafe lambobin shaidarsu, sannan a shirya filashin OpenCore. Idan an yi haka, duk matsalar da ta taso daga baya an san ta saiti ce, kuma kayan da ya zo da lahani an gano shi tun mai shago bai manta da fuskar mai saye ba.