Shawara ga ɗalibanmu masu digiri na biyu da na uku a Legas

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga masu bincike a Jami'ar Legas da ke Akoka ko Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, ku shirya takardunku tun kafin a buɗe neman tallafin karatu, domin takardar sakamakon karatu daga tsohuwar jami'arku, musamman idan tana Arewa, takan ɗauki makonni kafin ta iso, wa'adi kuwa ba ya jiran kowa.

Ku san tallafin da ya dace da ku. Tallafin ƙaro karatu na TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kuma ta hannun makarantarsu ake nema. PTDF, wato hukumar asusun bunƙasa fasahar man fetur, ta fi karkata ga fannonin man fetur da iskar gas. Akwai kuma tallafin karatu na DAAD ta Jamus da na Fulbright ta Amurka.

Abin da na fi jaddadawa shi ne wasiƙar shaida. Ku kai wa malamin da ke duba aikinku taƙaitaccen bayanin bincikenku, shafi ɗaya tak, wata guda kafin wa'adi, don ya rubuta abin da ya shafi aikinku kai tsaye.

Idan tsangayarku ta kira taron gabatar da bincike, ku gabatar ko da babi ɗaya ne, domin masu tantance masu neman tallafi suna duba wannan.