Yadda Ake Rabuwa da Shan Maganin Tari Don Kwantar da Fargaba

Da yawa daga cikin waɗanda suka faɗa shan maganin tari ba neman maye ne ya kai su ba. Mafarin yakan zama mura ce ta gaskiya: mutum ya sha cokali biyu da daddare, sai ya yi barcin da ya yi makonni bai samu irinsa ba, faɗuwar gaban da ke addabarsa ta lafa, tunanin bashi ko jarrabawa ko rikicin gidan aure ya yi nesa da shi. Mura ta warke, amma shi ya ci gaba da aiken yaro kemis, domin a ganinsa ya samu maganin damuwa mai araha, mai zaƙi, wanda ba sai ya bi layin asibiti ba, kuma ba wanda zai ce yana da taɓin hankali.

Masu wannan hali ba kaɗan ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 2.4 ne suke shan maganin tari ba don tari ba, kuma a wannan fanni mata sun yi kunnen doki da maza a yawa. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin, jim kaɗan bayan wani binciken BBC ya fallasa yadda ake safararsa a Kano da wasu garuruwa. Haramcin ya sa kuɗin kwalba ya tashi, ya kuma mayar da cinikin hannun 'yan fasa-ƙwauri, wasu masu shan kuwa suka koma wa magungunan tarin da har yanzu ake sayarwa ba tare da takardar likita ba.

Da farko a karanta jikin kwalbar

Sunan kamfani ba ya gaya wa mutum komai, don haka a juya kwalbar a duba jerin sinadaran da ke ciki. Idan an ga codeine, wato kodin, to dangin tiramadol ne, kuma hanta tana mayar da wani ɓangarensa zuwa sinadarin mofin, wanda yake rage gudun numfashi. Akwai mutanen da hantarsu take yin wannan aiki da saurin da ya wuce kima, abin kuwa gado ne, mutum ba ya sanin yana cikinsu sai ranar da ya sha abin da abokinsa ke sha lafiya ƙalau ya kasa farkawa. Mace mai shayarwa kuma tana miƙa wa jaririnta ta cikin nono.

Idan dextromethorphan ne, shansa fiye da ƙima yana kawo gane-gane, da jin kamar mutum ya fita daga jikinsa, da hawan jini. Haɗarinsa mafi girma ga mai fargaba shi ne haɗuwarsa da tiramadol ko da magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline, domin haɗin yana iya jawo zazzaɓi mai zafi, da karkarwa, da sanƙarewar jiki, har da farfaɗiya. Su kuwa diphenhydramine da chlorpheniramine da promethazine su ne suke sa gyangyaɗin da ake ɗauka natsuwa ce, amma idan suka yi yawa sai baki ya bushe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita, hankali ya gushe. Wasu magungunan mura suna da pseudoephedrine, wanda shi kansa yana tayar da faɗuwar gaba ya hana barci. Wasu kuma suna da farasitamol a ciki, alhali babban mutum mai lafiya bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba. Wanda ya wuce haka zai iya wuni yana jin garau, sai bayan kwana biyu ko uku lalacewar hanta ta bayyana.

Na biyu, a gane tarkon

Wannan ne wurin da ya kamata a fi tsayawa a kai, domin wanda bai fahimce shi ba zai yi ta dainawa yana komawa. Maganin tari ba ya taɓa tushen fargaba, danne ta kawai yake yi na 'yan sa'o'i. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta yarda a danne ta kullum, sai ta ƙara ƙaimi don ta daidaita kanta, saboda haka da zarar maganin ya saki mutum fargabar takan dawo fiye da yadda ta tafi. Shi kuma sai ya fassara abin da cewa ciwonsa ne yake ƙaruwa, ya ƙara cokali, daga cokali zuwa murfi, daga murfi zuwa rabin kwalba a juye cikin lemo. Bayan wasu makonni akwai fargaba iri biyu a jikinsa: wadda ya zo da ita, da wadda maganin ya haifar masa, kuma shi kaɗai ba zai iya bambanta su ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin gaskiyar lamarin ita ce a samu ɗan littafi a rubuta, har tsawon mako guda, lokacin da aka sha, da yawan abin da aka sha, da abin da ya faru kafin a sha. Mai shago zai iya tarar da cewa hannunsa yana kaiwa ga kwalbar ne duk yammacin da mai bin sa bashi ya kira waya. Matar aure za ta iya ganin cewa tata tana fitowa daga bayan jeren kwanuka ne a daren da girki ba nata ba. Idan mutum yana ɓoye fankon kwalabe, ko yana sauya kemis don kada mai kemis ya lura, ko ya tashi da asuba da hamma da yoyon hanci da ciwon gaɓoɓi waɗanda ba sa lafawa sai ya kurɓa, to jiki ya riga ya saba, kuma lokacin ganin likita ya yi.

Na uku, a je asibiti a faɗi gaskiya

Ba lallai ne a fara da asibitin masu taɓin hankali ba, likitan da ke duba marasa lafiya a babban asibitin gari ya isa a fara da shi. Inda ake buƙatar ƙwararru, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa suna da sashen wannan fanni. Wanda kunya ta hana shi fita zai iya fara kiran layin kyauta na hukumar NDLEA, 0800 1020 3040, inda masu ba da shawara suke amsa waya dare da rana.

A tafi da kwalbar da ɗan littafin nan. A gaya wa likita, “Ina shan wannan ne saboda faɗuwar gaba da rashin barci, na kai wata kaza ina sha, kuma ga yawan da nake sha,” ba tare da an rage ko cokali ɗaya ba, a kuma ambaci duk wata ƙwaya ko sassaƙe da ake haɗawa da shi. Likita ba alƙali ba ne. Da wannan lissafi zai san maganin da ba zai yi karo da abin da ke jikin mutum ba. Yana da kyau a nemi ya binciki ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da bugun zuciya, domin kowannensu yana iya zuwa da kamannin fargaba.

Game da dainawa, wanda ya sha na 'yan kwanaki kawai zai iya ajiyewa nan take. Wanda ya daɗe a kan kodin kuwa ya sa ran wahala: gumi, gudawa, ciwon ƙashi, rashin barci da matsananciyar fargaba, waɗanda sukan fara cikin yini guda, su yi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, su fara sauƙi cikin mako. Likita yakan tsara ragewa sannu a hankali, ya ba da abin da zai sassauta alamomin. Mai juna biyu kada ta yanke sha lokaci guda ba tare da kulawar likita ba, haka ma wanda yake haɗawa da diazepam ko roci, domin yanke waɗannan farat ɗaya yana iya kawo farfaɗiya.

Na huɗu, a yi wa fargabar kanta magani

Idan aka cire kwalbar aka bar ramin da take cikewa, komawa ba ta da wuya. Fargaba ciwo ce da ake warkarwa, ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam wanda zai koya wa mutum yadda zai kama tunanin da ke tayar masa da hankali ya gwada shi da gaskiya, ko ta hanyar magungunan da likita ke rubutawa. Waɗannan magunguna sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji amfaninsu, kuma a nan ne wanda ya saba da abin da ke aiki cikin rabin sa'a yake yanke ƙauna ya watsar. A yi haƙuri da su. A rage goro da kofi da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, musamman bayan la'asar, a riƙa tafiyar ƙafa kullum, a tsayar da lokacin kwanciya. Idan gaba ya faɗi, a zauna a ja numfashi ta hanci a hankali, a fitar da shi ta baki a tsawon da ya fi na shigarsa, na minti biyar. Addu'a da zikiri da zama da malamin da aka yarda da shi suna ƙarfafa zuciya, kuma ba sa hana zuwa asibiti.

Ga iyaye da mazaje da 'yan'uwa, gori da duka da tona asiri a gaban dangi suna ƙara fargabar da ta jawo shan tun asali. A tambayi mutum abin da ke hana shi barci kafin a tambaye shi inda yake samun kuɗin saye. A kuma guji gidajen mari, waɗanda a shekarar 2019 'yan sanda suka buɗe wasu daga cikinsu a Kaduna da Katsina suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Idan an tarar da mutum ya sha ya wuce kima

Alamomin su ne barcin da ba a iya tayar da shi, da minshari mai kama da shaƙewa, da numfashi jefi-jefi, da leɓe ko farce sun sauya launi, da ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada kuma a ce a bar shi ya yi barci zai wartsake, domin ruwan da aka ɗura zai iya wucewa huhu. A kwantar da shi a gefe guda, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin kodin cikin mintuna, sai dai aikinta yakan ƙare kafin na kodin, don haka ko ya farfaɗo a bar shi a hannun ma'aikatan asibiti har sai sun sallame shi. Irin wannan haɗari ya fi yawa ga wanda ya yi makonni da dainawa sannan ya koma, domin jikinsa ya manta da sabo, adadin da yake shanyewa a da zai iya tsayar masa da numfashi yanzu.