Shawara ga masu son zuba zobo da iskar naitirojin

Salam 'yan uwa masu sana'ar kayan sanyi a Birnin Kebbi. Wanga salo na zuba abin sha daga tankin ƙarfe da naitirojin, wanda masu giya a Turai suka fara, yana yi da zobo da shayi mai sanyi da kofi, babu ruwanshi da barasa. Naitirojin ba ta narkewa cikin ruwa sosai kamar gas ɗin lemun kwalba, shi yasa kumfar ke fitowa ƙanana lukwi, abin ya yi laushi a baki.

Amma don Allah ku tace zobon ku da kyau, ku maimaita da kyalle mai tsabta, don cikin bakin famfon akwai wani ɗan faranti mai ƙananan huji kamar na allura, ɗan garin citta ko kanumfari kaɗan ya isa ya toshe shi kina tsaka da sallamar kwastoma sai ki ga yana ɗiga. Matsin iska ku sa shi wajen 30 zuwa 40 psi (ma'aunin ƙarfin matsin iska ke nan), kuma regileta, wato abin daidaita matsin iskar, ta naitirojin daban take, kar a ɗaura ta CO2, wato gas ɗin lemun kwalba.

Gas ɗin kuma a tabbatar na abinci ne, ba na masu walda ba.

Sai maganar sanyi, wadda ita ta fi damuna da zafin garin nan da rashin wuta. Tankin ya zauna wajen digiri 4, in ya ɗumama zobo mai suga zai fara tsami ya juya. In babu sola ko janareta, a dafa daidai wanda zai ƙare a ranar.