Gyaran sikirif ɗin da ke tada kwantenar Docker don gwaji

Da farko kar ka taɓa komai, kunna sikirif ɗin (a nan sunansa `setup.sh`) da `bash -x setup.sh` ka ga layin da ya tsaya a kai. Sannan ka saka `set -euo pipefail` ƙarƙashin layin farko, in ba haka ba bash ci gaba yake da gudu bayan kuskure kamar ba abin da ya faru.

In ka ga `^M` a cikin saƙon kuskuren, to a Windows aka ajiye fayil ɗin, `dos2unix setup.sh` kawai shikenan.

In Docker ya ce sunan na hannun wata kwantena, ta jiya ce ba a share ba. Sa `docker rm -f db-gwaji || true` kafin `docker run` (`db-gwaji` shi ne sunan kwantenar).

Yanzu babbar matsalar, wadda ke sa gwaji ya wuce yau gobe ya faɗi. `docker run -d` yana dawowa nan take alhali PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai da ke cikin kwantenar, bai gama tashi ba, gwajin ya je ya ƙwanƙwasa port 5432, ƙofar da PostgreSQL ke saurare, ba kowa, sai mutane su cusa `sleep 10` wai sun gyara, don Allah ka cire shi, ranar da injin ya yi nauyi sakan 10 ba zai isa ba. Rubuta haka, don sikirif ɗin ya dinga dubawa da `pg_isready` har PostgreSQL ya shirya:

`until docker exec db-gwaji pg_isready; do sleep 1; done`

Amma ka sa masa iyaka, kamar zagaye 30, kar ya maƙale har abada. In ya cika bai tashi ba, sa `docker logs db-gwaji` a cikin sikirif ɗin kafin ya fita, zai faɗa maka dalili.

Ƙarshe `trap 'docker rm -f db-gwaji' EXIT` a sama don a share kwantenar duk lokacin da sikirif ɗin ya fita, sai ka bi shi da `shellcheck setup.sh`, mai duba kurakuran sikirif, kafin ka tura.