Kurakuran da ake yi wajen buɗe sashen koyon sana'a a makarantun sakandare, da yadda za a gyara su

Tun shekarar 2011 hukumar tsara manhajar karatu ta Najeriya, NERDC, ta shigo da tsarin da ya ce kowane ɗalibin babbar sakandare sai ya ɗauki sana'a ɗaya daga cikin 34, kama daga ɗinki, rini, kiwon kifi da kafinta har zuwa gyaran wayar salula. A 2014 aka fara rubuta waɗannan darussa a jarrabawar WAEC. A 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da rage su zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Duk da wannan, ɗalibai da yawa sun gama makaranta da sakamako mai kyau a darasin sana'a, amma hannunsu bai taɓa kayan aikin ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mafi yawan kurakuran a cikin makarantar ake yin su, kuma shugaban makaranta da kwamitinsa suna iya gyara su ba tare da jiran Abuja ba.

Na farko shi ne fara sayen injuna kafin komai. Da zarar kuɗi sun shigo, ko daga gwamnati ko daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, sai a ruga kasuwa a sayo kekunan ɗinki ko injin walda, a jera, a ɗauki hoto. Mun riga mun ga ƙarshen wannan hanya. Lokacin da aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a) a 1982, an shigo da kayan koyar da fasaha masu yawa daga ƙasashen waje aka rarraba wa ƙananan sakandare. A wurare da dama akwatunan sun yi shekaru ba a buɗe ba, saboda babu ɗakin da za a girka su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu, har tsatsa da ɓarayi suka gama da su. Inji shi ne abin da ya kamata ya zo daga ƙarshe. A fara da zaɓen sana'ar, a samo mai koyarwa, a tanadi ɗaki da wutar da za ta ɗauki aikin, sannan mai koyarwar da kansa ya rubuta abin da za a saya, ya kuma bi masu sayen zuwa kasuwa. Shi ya san wane keke ne ake samun kayan gyaransa a garin, wane ne in ya lalace sai an aika Legas.

Kuskuren da ya fi kashe sashen sana'a a hankali kuwa shi ne mantawa da kayan da ke ƙarewa. Keken ɗinki sau ɗaya ake sayensa, amma yadi da zare da allura da man keke kullum ne. Haka katako da ƙusa da gam ga kafinta, dalma da waya ga mai gyaran salula, dusa da magani da allurar rigakafi ga masu kiwo, man janareta ga kowa. Kasafin makarantu da yawa ba shi da gurbin waɗannan ko kaɗan. Zangon farko ana aiki da ragowar abin da aka saya ranar buɗewa, zango na biyu malam ya fara cire na aljihunsa, zango na uku ya gaji ya koma allo da alli, yana zana almakashi yana rubuta sunayen sassansa. Daga nan sashen ya mutu, ko da sunansa na nan a jikin ƙofa.

Gyaran shi ne a zauna a lissafa abin da ɗalibi ɗaya zai cinye a zango ɗaya, a ninka da yawan ɗalibai da zango uku, a ga jimillar kafin a ɗauki yaro ko ɗaya. Idan kuɗin ɗalibai talatin kawai za su riƙe, to talatin za a ɗauka. Sannan a nemi hanyar da sashen zai riƙa mayar da wani abu. Masu ɗinki su ɗinka wani kaso na kayan makaranta na sababbin ɗalibai, kafintoci su gyara bencinan da suka karye, masu kiwo su tanadi kaji ko raguna kafin salla. Kuɗin da aka samu su shiga asusu na daban mai sa hannun mutum biyu ko uku, ciki har da wakilin iyaye, a karanta lissafinsa a taron PTA. In aka bari suka gauraya da sauran kuɗin makaranta, ba za su dawo ɗakin aiki ba. A kuma kula kada neman riba ya mayar da yara leburori. Wanda ya yi zango guda yana ɗinka aljihun wando kawai bai koyi ɗinki ba.

Sai zaɓen sana'ar kanta. Da aka wajabta darasin, makarantu da yawa sun karkata ga waɗanda ake iya koyarwa da baki, irin su tallata haja da sarrafa bayanai, har a makarantun da ba su da kwamfuta mai aiki. An cika sharaɗin jarrabawa, amma yaro bai tashi da komai ba. Wasu kuma suna kwaikwayon makarantar da suka gani a birni. Kafin a yanke shawara, 'yan kwamiti su shiga kasuwar garinsu su tambaya: wane aiki ne ake neman mai yi ana rasawa? Wane ne ake kai shi wani gari? Makarantar da ke kusa da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano tana da dalilin koyar da gyaran salula, domin ga masu koyarwa, ga kayan gyara, ga wurin aiki. Wadda ke yankin Kura ko Kadawa, inda ake noman rani, lambu da gyaran injin ban ruwa sun fi kusa da rayuwar yaranta. A garin da gidaje da shaguna ke komawa sola saboda rashin wuta, mai haɗa ta ba ya zaman banza. Sana'a ɗaya ko biyu da aka riƙe da kyau sun fi biyar da aka yayyafa.

Batun malami shi ne inda na fi son a tsaya. Abin da aka saba shi ne a duba cikin malamai a ga wanda darussansa ba su da yawa, a ce masa daga yau kai ne malamin lantarki tunda ka karanta kimiyya. Ba laifinsa ba ne, amma wanda bai taɓa jan waya a gida ba ba zai koya wa wani ba, kuma yara suna ganewa tun makon farko. Kwalejojin ilimi na fasaha na tarayya da ke Bichi, Gombe, Potiskum da Gusau suna yaye malaman irin waɗannan fannoni, can ya kamata a fara nema. In ba a samu ba, a haɗa mutum biyu: malamin makaranta ya riƙe manhaja da lissafi da rubutu, gwanin sana'a daga cikin gari ya riƙe aikin hannu. Wannan ba baƙon abu ba ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi irin wannan haɗin gwiwa da masu sana'ar kasuwar Panteka.

Sai dai nan ma akwai wani kuskuren. Ana gayyato tela ko makaniki, a bar shi tsaye a bakin ofis, a biya shi in an ga dama, wasu malamai su riƙa kallonsa a matsayin wanda bai yi boko ba. Mutumin da ya rufe shagonsa rabin yini ya yi asarar ciniki. A yi yarjejeniya da shi a rubuce, a yanka masa haƙƙi a biya kan lokaci, a ba shi kujera a ɗakin malamai, yara su kira shi Malam kamar kowa. A kuma binciki halinsa wurin mai unguwa da ƙungiyar sana'arsa kafin a damƙa masa 'ya'yan mutane.

Jadawali ma yana karya aiki. Minti 40 ba ya isa a fito da kaya, a yi aiki, a share, a mayar. A haɗe darussan sana'a su zama awa biyu ko uku a jere, sau ɗaya ko biyu a mako, a raba aji rukuni-rukuni yadda kowa zai taɓa inji. Yara sittin a kan keke huɗu kallo suke yi.

Akwai kuma ɗabi'ar mayar da sashen sana'a matattarar waɗanda ake ganin ba su da ƙoƙari. Da zarar yara suka fahimci cewa wanda ya faɗi lissafi ake turawa can, sashen ya zama abin gori, iyaye su fara zuwa suna roƙon a cire 'ya'yansu. Alhali haɗa sola yana buƙatar lissafin ƙarfin batir da nauyin da gida zai ɗora masa, yankan yadi yana buƙatar awo daidai. A bar ɗalibai su zagaya sassan na 'yan makonni kafin su zaɓa, a kuma tara iyaye tun kafin a fara, a nuna musu cewa sana'ar ƙari ce a kan Turanci da lissafi da sauran darussa, ba ta toshe hanyar jami'a. 'Yan mata kuma kada a ɗauka ɗinki da kwalliya kaɗai ne rabonsu. Mata da yawa ba sa son miƙa wayarsu ga baƙon namiji saboda hotuna da saƙonnin da ke ciki, don haka yarinyar da ta iya gyaran waya tana da masu ciniki tun daga cikin unguwarsu.

A fayyace maganar takardar shaida tun farko, domin ruɗani a nan yana jawo ɓacin rai. Cin darasin sana'a a WAEC ko NECO cin darasi ɗaya ne kawai cikin sakamakon sakandare. Takardun shaidar fasaha (NTC) da na kasuwanci (NBC) na hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci, NABTEB, waɗanda ɗaliban kwalejojin fasaha ke rubutawa, daban suke kuma suna da nasu sharuɗɗan. Gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mai mataki uku, shi ma daban ne. Makaranta ta tuntuɓi hukumar da abin ya shafa, ta san wacce ɗalibanta za su iya nema, kada ta yi alkawarin abin da ba a ba ta izini ba.

Tura yara shaguna lokacin dogon hutu abu ne mai kyau, amma ana yawan sakinsu babu mai bibiya, sai yaro ya ƙare da aiken sayo abinci da shara. A rubuta wa ubangidan shagon abubuwan da ake so yaron ya iya kafin hutu ya ƙare, malami ya riƙa leƙawa, iyaye su san inda ɗansu yake da lokacin tashinsa. A ɗakin aikin makaranta kuwa, gilashin walda, safar hannu, akwatin taimakon gaggawa da abin kashe gobara su riga ɗalibai shiga.

Abu na ƙarshe da kusan babu mai yi shi ne bin sawun waɗanda suka gama. A buɗe littafi guda, a rubuta sunan kowane ɗalibi da lambar wayar gidansu, bayan shekara a kira a ji: yana aiki da sana'ar, ya ci gaba da karatu, ko yana zaune? Idan aka yaye rukuni biyu aka ga mafi yawansu ba sa taɓa abin da suka koya, kwamiti ya zauna ya duba ko matsalar daga koyarwa take, ko rashin jari ne, ko kuwa sana'ar ce ba ta da kasuwa a garin, sannan a yanke ko a gyara ko a sauya ta kafin a ɗauki sababbin ɗalibai.